Jan Ganye

Ƙarfe biyar na yamma, kafin Tanimu ya rufe shago,
nakan ɗauko kwalayen talabijin
in kife su kan tukwane arba'in.
Ita fonsetiya duhu take ci:
sa'a goma sha huɗu kullum,
daga Oktoba har ganyenta ya yi ja.

Bara fitilar solar maƙwabci ta leƙo ta ɓular katanga,
ɗan haske kamar ƙwayar gero.
Layi guda suka ƙi nuna,
kore shar kamar alayyafo.
Madam Rifkatu ta zo daga Wusasa da kuɗin coci,
ta duba, ta juya, ta hau keke.

Bana na toshe ɓular da tsumma da laka.

Rassan da na yanka da damina
sun zubo farin ruwa, yatsuna suka kwana ƙaiƙayi.
Na dasa su a ledar fiya-wata,
ƙasar bakin Kubanni da takin akuya.
Bakwai suka ruɓe. Saura suka kama.

Masu wucewa Samaru sukan ce, kai, furen nan!
Ba na gyara musu.
Furen yana tsakiya, ɗan rawaya, bai kai wake ba.
Jan da suke yabo ganye ne
da ya yi wata biyu yana kwana a kwali.

In Janairu ya yi, za a yar da tukwane bayan gida.
Zan bi in tsince su,
in rage musu kai, in ba su ruwa kaɗan,
in jira dare ya sake tsawo.