Ranar Ƙasarsu

Sha bakwai ga Mayu a Maiwurno,
rana ta dafa kogi, ko kada ya ƙi fitowa.
Ina gindin dalbejiya ina ɗinkin taru
Mudassir ya kira daga Norwe:
"Baba, ɗaga waya sama, ga jikarka nan."

Na ɗaga.
Titi maƙil da yara, tutoci kamar jan barkono a shanya.
Na ce, ina sojojin?
Ya ce babu.
Na ce, to wa ke fareti?
Ya ce 'yan makaranta. Manya na gefe, aikinsu tafi.

Mata sun sha bujen ulu da azurfa a ƙirji,
wai kowane ɗinki yana faɗin garin mai shi,
kamar yadda tsagen kumatun iyata
ke faɗin inda kakanni suka taso
kafin hanyar Makka ta ajiye su nan.

Ganga ta buga, na sunkuya.
Kunnena ya saba da wata ƙara dabam.

Sai ga Tahani, wushirya a waje,
askirim na uku yana bin gwiwar hannunta,
yau ba mai ƙirga mata.
Tana ihu da harshen da ban sani ba,
ta tsaya, ta ce, "Kaka, ka ci abinci?"
da Hausa mai sanyin ƙanƙara.

Layi ya yanke kafin in amsa.
Na koma kan taru.
Huji uku suka rage,
na daɗe ban sami bakin zaren ba.