Baƙin Baki

Kakana Durmush bai iya karatu ba,
amma asalin karensa yana bakinsa
kamar yadda Fatiha ke bakin liman.

Yakan ce: Gulizar, matso kusa da murhu.
Wancan da ke kwance a ƙofar garke,
kai kamar turmi, ƙirji kamar na maraƙi,
kakanninsa baƙi ne a tudun Sibas, kamar namu.
Daga gabas suka taso,
inda ciyawa ke tafiya har ta gaji da kanta,
suna bin sawun raƙuma masu tozo biyu,
tumaki a gaba, mata da tukwane a tsakiya,
su a gefe, harshe waje, ido kan duhu.

Babu sarkin da ya zaɓe su, in ji shi.
Kyarkeci ne ya zaɓa.
Mai siririn wuya bai ga bazara ba,
mai tsoro bai bar ɗa ba.
Sanyi ya tankaɗe sauran
kamar yadda kakarki ke tankaɗe garin sha'ir,
abin da ya rage a rariya shi ne wannan.

Na taɓa tambayarsa baƙin da ke bakin karen.
Ya yi dariya har tari ya kama shi:
wai kakan kakansu ya leƙa tukunyar dare
bai goge ba har yau.

Ni dai abin da na gani da idona:
kwikwiyo ɗan wata biyu an jefa shi cikin 'yan tumaki,
yana shan warinsu, yana barci a cikinsu,
har ya manta shi wane ne.
Na ga ranar da maƙeri ya ɗaura masa
ƙawanya mai ƙayoyin ƙarfe,
ya yi kwana uku yana tafiya kamar ango.
Na ga jini kan dusar ƙanƙara da asuba,
Kaka ya ƙirga garke sau biyu, ɗari da sha bakwai,
bai ce komai ba, ya ƙara masa kunu.

Bara wasu suka zo daga birni da farar mota,
da awo, da takarda mai hatimi.
Suka auna kafaɗa, suka buɗe haƙora,
ɗaya ya ce daga gabas, ɗaya ya ce a'a, nan ne tushensu,
suka yi ta musu har shayi ya huce.
Suka tambayi takardar haihuwarsa.
Kaka ya ɗaga gashin wuyan karen,
ya nuna musu tabo mai tsawon tafin hannu.

Yanzu Kaka na ƙarƙashin tudu.
Tumakin sun koma arba'in.
Ni ke dama kunun da yamma,
kuma idan iska ta juyo daga gabas
karen yakan miƙe, ya daɗe yana shinshina.