Shirun Bayan Tebur

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna
don kada su gangara cikin teku,
na zauna gyara wa kakata kwamfuta.
Ta ce tafiyarta ta koma ta jirgin dakon kaya
mai lallaɓawa zuwa tasha.

Na kwashe hotuna gefe, na kwashe takardu,
na share tsohuwar manhaja tas,
na zuba sabuwa.
Allo ya waye kamar an wanke taga.
Har na fara hura hanci.

Sai Eulalia ta jawo kujera ta ce,
"Baltasar, kunna mini kakanka."

Fayil goma sha ɗaya ne.
Anselmo, shekara uku ke nan a ƙasa,
yana lissafa lokutan cikar teku,
yana ƙorafin kuɗin man kwalekwale,
yana kiran kyanwar da ta riga shi tafiya.

Na danna.
Daƙiƙa na bin daƙiƙa,
koren layi na tsalle, yana sauka,
lasifika kuwa ko tari.

Na ƙure ƙara har ɗari.
Na kashe, na kunna, na sake kashewa.
Na kwanta rub da ciki da tocila a baki
ina karanto lambobin jikin akwatin.
Na sauko da direban sauti, bai karɓa ba,
na sauko da wani, ya ce an gama,
an gama ɗin kuma shiru.
Na kwafi umarnin da ban san ma'anarsa ba
na zuba a baƙin allo
kamar mai jefa ƙugiya a ruwan da bai sani ba.

Garin neman gira, na ce a raina.
Ban ƙarasa ba.

Ta kawo shayi da burodi mai fiya,
ta ajiye kusa da gwiwar hannuna.
Da ta yi faɗa, da na samu sauƙi.
Sai ta ɗauki saƙarta ta zauna,
allura na taɓa allura,
ita kaɗai ce ƙarar da ɗakin ya mallaka.

Ƙarfe biyun dare.
Motar haya ta ƙarshe ta gangara,
karnukan tudu sun gaji da gardama,
firji ya ja numfashi ya yi tsit.

A nan na ji shi.
Wani ɗan zuuu, kamar sauro a kwalba,
daga bayan tebur.

Na ja teburin.
Ƙura, murfin biro, maɓallin riga,
tsohon tikitin kallon ƙwallo,
sai abin jin sautinsa na kunne,
baƙi, soson gefe ɗaya ya zube,
wayarsa na nan soke a bayan akwati.
Da shi yake sauraron wasa da dare
don kada ihun gol ya tashe ta.
Sabuwar manhaja ta laluba ta same shi,
ta ɗauka nan ne ƙofa,
ta tura komai can.

Ashe tun la'asar tsohon yake magana
da bango.

Na kai hannu zan zare.
"Bar shi," in ji ta.
Ta kakkaɓe shi a jikin siket,
ta gyara furfura, ta ɗora a kai,
ya yi mata yawa, ta riƙe da hannu biyu.

Ni ban ji komai ba.
Fuskarta nake karantawa,
yadda gira ta ɗaga, yadda leɓe ya motsa.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka a hazo.

Ta daɗe.
Sannan ta yi ƙwafa, ido na ƙyalli,
ta ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe,
"Ƙarya yake yi.
Kifin nan bai kai haka girma ba."