Fasinjar Buzuzu

Bayan la'asar, a Ƙofar Marke,
ina faskaren kututturen gawo
da ruwan bara ya ruɓar,
sai ga buzuzu daga ƙarƙashin ɓawo,
baƙi wuluk, yana takun mai kuɗi.

Hajo, autata, ta durƙusa:
"Baba, mi ne wanga ga ƙafatai?"

Sai da na goge tabarau da bakin riga
sannan na gan ta.
Ba ta kai ƙwayar riɗi ba.
Hannu biyu irin na kunama,
jiki irin na kunama,
amma wutsiyar, babu.
Kamar an soma ƙirarta da yamma
magariba ta yi, aka tashi.

Ta damƙi ƙafarsa ta baya, ƙam.
Ba cizo, ba shan jini.
Gidanta ne na rusa da gatari,
ƙafafunta kuwa, ko shekara za ta yi,
ba su kai ta bakin Gulbin Rima.
To ga mai fiffike zai tashi.

Hajo ta ɗauko tsinke za ta ɓamɓare ta.
Na riƙe hannunta.

Ban taɓa gaya mata ba
yadda na shigo garin nan:
bayan motar albasa daga Wurno,
cikin dare, ba sisi a aljihu,
yatsuna takwas a jikin igiya,
ƙafata guda tana lilo bisa kwalta.
Direban, wani Sahabi mai tari,
ya hango ni a madubi, na tabbata.
Bai tsaya ba, bai kuma ƙara wuta ba.
Warin albasar ya kwana uku a wuyana.
Har yau ban biya shi ba,
ban ma san ko yana da rai ba.

Buzuzu ya buɗe murfin bayansa,
ya yi gurnani irin na tsohon babur,
ya tashi a karkace
don nauyin da bai san da shi ba,
ko ya sani ya ƙyale.
Ya haye katangar Malam Ɗantani,
ya nufi wajen Runjin Sambo.

"Ina za ta sauka?" in ji Hajo.
Na ce inda ya sauka.
"In wurin ba kyau fa?"

Na ɗauki gatari.
Itacen bai ƙare ba,
ga mai ƙosai tana jira.