Baƙin Mai a Ƙarƙashin Farce

Yau na miƙa wa Mumuni makullin gareji.
Shekara talatin da huɗu a Suame,
bayana kan kwali, fuskata ƙarƙashin motar wani.
Yanzu yana ta rufe idon dama,
ba na raba sufana goma da sha biyu
sai da laluben yatsa.

Dare ya raba a Aboabo.
Ruwa na dukan kwano, kwata ta cika ta kawo.
Ramatu ta ɗaure kaya, ta yi barci a kan ƙullin.
Na yi alwala, na sake,
baƙin mai bai bar ƙarƙashin farcena ba.
Haka zan tsaya gabanKa, ya Gafuru,
da hannun da Ka sani.

Raka'a biyu, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Sai na zauna ƙirga a gaɓoɓin yatsu.

Astagfirullah,
don tsohon fulogi da na wanke da fetur
na mayar cikin sabon kwali.
Don La'asar da na jingine har ta haɗu da Magariba
saboda mai mota na tsaye, kuɗi a hannu.
Don marin da na yi wa Mumuni
makon da ya sauka daga Bawku,
yaro bai san ko hanyar gida ba,
a kan noti guda da ya faɗa cikin laka.
Ɗazu da ya karɓi makulli sai ya durƙusa.
Da ma ya rama.

Waɗannan masu sauƙin faɗa ne.
Akwai wanda harshe ke kewayewa
kamar haƙori mai ciwo.

Boakye, direban Techiman,
mai kawo mini goro duk ranar Sallah
alhali ba sallarsa ba ce.
Ya ce, sa sabon bututun birki.
Na ce to.
Na ɗaure tsohon, na shafe shi da mai,
na karɓi kuɗin sabo,
don Ramatu na Manhyia tana naƙuda
kuma aljihuna iska.
Kwana tara, a gangaren bayan Offinso.
Wasu sun ce taya ce ta fashe.
Wasu sun ce gyangyaɗi.
Ban tambaya ba.
Na je makoki Bantama, na zauna cikin masu ja da baƙi,
na ba da gudunmawa,
aka kira sunana a lasifika, aka yi mini godiya.

Ya Sattaru, Ka rufa mini shekara ashirin da shida,
har na fara ɗaukar rufin asiri a matsayin yafiya.
Kai kaɗai Ka san ko taya ce.
Ni na san abin da na ɗaure.

Limaminmu ya sha faɗa bayan Asuba:
Allah na yafe nasa,
haƙƙin bawa kuwa sai an je ƙofar bawa.
Na kan gyaɗa kai, in leƙa agogo.
To ga ƙofar Boakye ƙasa ta rufe.
Saura matarsa, Akosua,
tana gasa ayaba a bakin Kejetia.
Na daɗe ina sauya hanya don ita.

Gobe za mu koma Tamale, gidan Barikisu,
'yar da kuɗin nan suka biya wa gado.
Ba ta sani ba. Ta gyara mana ɗaki, ta sa fanka.

Ruwa ya tsagaita.
Ladan na gyaran murya, lasifika na tari.
Goshina ya daɗe a tabarma
har saƙarta ta fito a fata.
Ban ji an ce mini komai ba.
Na dai tashi da abin da ban kwanta da shi ba:
ƙafa mai son tafiya.

Ramatu, ki wuce tasha da kayan,
ki kama mana kujera biyu.
Zan biya ta Kejetia.
Ban san ko da Hausa zan fara ba ko da Tonanci,
ban san ko za ta ɗago kai daga garwashi ba.
In mota ta cika, ku tafi.
Ya Tawwabu, riƙe mini harshe kar ya kauce.