Katuna Biyu

Ranar kasuwar Jega, kafin azahar,
na ajiye katin ƙungiya a teburin Hantsi.
Ya ɗago daga littafin haraji,
biro a bayan kunne, goro a kunci,
ya ce, "Tunau, wasa kaka yi?"
Na ce lissafi nake yi.

Shekara sha tara ina biyan kuɗin buhu,
kuɗin rumfa, kuɗin mai gadi,
da kuɗin tarbar baƙi,
baƙin da ba sa gane hanya sai zaɓe ya ƙarato.
Su zo da jiniya, su tsaya nesa da warin albasa,
su ce za a gina mana ma'ajiya mai iska
inda kaya zai kai damina bai tsira ba.
Mun tafa. Ni har hulata ta faɗi.

Bara buhu arba'in suka ruɓe mini a rudu.
Da hannuna na kwashe su, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu.
A makon ne Alhaji Nomau, shugabanmu,
ya shigo da mota baƙa,
ko ledar kujerun ba a ɓare ba.

Sai ga taro bayan la'asar:
wai ƙungiya ta sauya sheƙa,
duk mai rumfa ya kawo katin zaɓe a ɗauki lamba.
Na duba mu, mutum ɗari uku a kan tabarmi,
an ɗinke mana baki da tsawaita,
an rubuta sunan mai saye a gefenmu
kamar lodin da zai tafi Kudu da dare.
Ba a ko taya mu a gabanmu ba.

Shi ya sa na fita.

Amma kada ku yi mini kirari tukuna.
Akwai wani katin, a cikin gwangwanin da Baba ya bari,
ƙarƙashin takardar gona.
Jam'iyyar ta sake suna sau uku, tuta sau biyu,
mu muna nan, gida ɗaya, kamar tabon goshi.
Saboda ita aka fasa wa Baba haƙori a Aliero.
Ya rasu yana tauna tuwo da gefe guda,
yana cewa namu ne, ko sun manta.

Sun manta.
Rijiyar unguwarmu da suka fara, awaki ke faɗawa ciki.

Daren da na fita, ɗan sakonsu ya yi sallama.
Yaro ne, turarensa ya riga shi shiga zaure.
Ya ce na burge manya,
gobe in zo rediyo in faɗi abin da Nomau ya ci.
Ya tura ambulan ƙarƙashin tabarma da ɗan yatsa.
Na tambaye shi sunan mahaifina.
Ya duba waya.

Ige ta ce, daga bayan zana,
"Da ka karɓa, ko gishiri ne mu saya."
Ban ce ba ta da gaskiya ba.

Yanzu a bakin kwalta nake kasa kaya,
bayan masu rake, inda inuwa ba ta kaiwa.
Dillalan da muka ci kwano ɗaya
suna wucewa suna gyara hula.
Albasa ba ruwanta, tana sa ni hawaye yadda ta saba,
ta kuma rufa mini asiri.

Ranar zaɓe na san abin da zan yi, kuma ina jin kunyarsa:
zan yi wanka, in sa rigar Baba,
in bi layi, in dangwala musu.
Ba don ina jiran komai ba.
Mutum yana zuwa maƙabarta ya yi sallama,
ya san ba za a amsa ba.

Tawadar kuwa takan yi kwana uku a yatsa.
Ina yanka albasa, ina kallonta tana fita.