Littafin da Sakina Ta Aiko

Sakina ta aiko mini littafi daga Malesiya,
na wata marubuciyar can, wai yana sanyaya zuciya.
Turanci ne, idona kuma ya yi rauni,
sai jikana Munzali ke karanta mini bayan lisha,
yana fassarawa, yana hamma.

Matar ta yi ta zancen ƙauna.
Na ce, tsaya, yaro,
ai Marka take nufi, ba ta dai san ta ba.

Ranar da masaƙar Kakuri ta rufe ƙofa
na dawo gida, hula a hannu, aljihu wayam.
Marka ba ta ce uffan ba.
Da asuba sai na ji mai yana ƙara a kasko:
ƙosai, kusa da layin dogo.
Shekara goma sha ɗaya hayaƙi na cin idonta.
Mu bakwai muka ci daga kaskon nan,
har da karatun da ya kai Sakina can.

Ban taɓa ce mata ina sonki ba.
Mu ba a koya mana ba.
Itace dai nake faskara mata tun da duhu,
in ture mata tsokar da ta fi taushi.

Yanzu kogin Kaduna ya cika ya batse,
damina ta uku ke nan babu ita.
Kaskon na rataye a bayan ƙyaure.

Ci gaba, Munzali.
A'a, rufe. Kira mini Sakina tukuna,
can asuba ta kusa.
Akwai maganar da ba zan sake ajiyewa ba.